IDO BA MUDU BA NE: TARAR GUDUN MOTA A HANYAR FILINGE

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Lahadi ta Filinge ko ta Baleyara ya san cewa ba a sayar da hatsi da ido. Mai gero yana zaune gaban buhunsa, tiyarsa a hannu. Mai saye yana tsugune yana kallon kowace tiya har ta cika ta yi tozo, yana ƙidayawa da bakinsa. In gardama ta tashi, sai a juye a sake awo a gaban shaidu. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Rabin farko na wannan magana shi ne dokar kasuwa. Rabi na biyu kuwa na hirar gindin bishiya ne, domin babu ɗan kasuwar da zai yarda a biya shi kuɗin buhunsa bisa ƙimar idon mai saye. Abin mamaki shi ne, wannan ƙa'ida da tsohuwa mai sayar da wake ta riƙe da hannu biyu, ita ce ake saki da zarar an hau gudron.

A ƙaddara wani direban motar haya ya taso daga Yamai da sassafe, ya kama hanyar ƙasa mai lamba 25, wadda take bi ta Hamdallay da Baleyara da Bonkuku kafin ta isa Filinge, tafiyar kilomita 180 ko kusa da haka. A cikin motar akwai malamin makaranta da zai koma bakin aikinsa, da mata biyu masu kayan koli, da wani dattijo da aka sallamo daga asibiti. A bakin wani gari sai aka busa usur, wani jami'i mai kaki ya ɗaga hannu. Direba ya tsaya, ya miƙa farmi da katin mota da takardar asirans, dukkansu cikakku. Jami'in ya juya su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce: “Ka wuce ƙa'idar gudu.” Direba ya ce: “Shef, ranka ya daɗe, nawa na yi?” Aka ce masa: “Na gan ka da idona.” Babu na'ura a gefen hanya, babu agogo, babu wata lamba da aka rubuta. Abin da ke akwai shi ne takardun mota a hannun jami'i, da rana tana ta ɗagawa, da fasinjoji da suka fara gunaguni suna cewa a ba shi abin da za a ba shi a tafi.

Ƙofofi biyu ne a gaban wannan bawan Allah. Ko dai ya amince da laifin da ba a auna ba, ya biya tara a ba shi resi, ko kuwa ya koma bayan mota a yi “gyara” da jika ɗaya ko biyu, ba resi ba shaida. Akwai ƙofa ta uku, wato ya ce bai yarda ba, yana son alƙali ya duba maganar. Doka ta san da wannan ƙofa, amma a aikace ciyawa ta rufe ta, saboda ba a bi. Dalilin wannan rubutu shi ne a share bakinta, domin abin da ke bayanta ya fi jika biyu tsada.

Gudu yana kisa

Kafin a ci gaba, wajibi ne a faɗi gaskiyar da direbobi ba su son ji. Gudun mota yana kashe mutane, kuma yana kashe talakawa fiye da kowa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-mace in aka kwatanta da yawan jama'arta, alhali ita ce ta fi kowace ƙarancin motoci. Hukumar ta kuma bayyana cewa in matsakaicin gudu ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, haɗarin da ke kai ga mutuwa yana ƙaruwa da kashi 4 cikin 100.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin mita 14 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 90 tana cin mita 25. Makarantun koyon tuƙi suna koyar da wata dabara: a ɗauki lambar goma-goma ta gudun a ninka ta da kanta, sai a sami kimanin nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya cak. Mai gudun 50 yana buƙatar mita 25, mai gudun 90 kuwa mita 81. Tsakanin lambobin nan biyu akwai yaron da ya biyo akuyarsa, da amalanken da ya fito daga gona ba fitila, da garken shanun Azawak irin waɗanda aka san tashar kiwo ta Tukunus da su. Garuruwan Dallol Boso a bakin hanya suke zaune, kasuwanninsu sukan malalo har kan kwalta. Uwar da ta binne ɗanta saboda wani direba yana sauri ya yi sawu biyu a yini ɗaya ba za ta saurari wani dogon bayani a kan ƴancin direbobi ba, kuma tana da gaskiya.

Haka nan ba adalci ba ne a manta da halin da jami'an tsaro suke ciki. Tun watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi, ciki har da Abala, maƙwabciyar Filinge. Wanda yake tsaye a shinge a wannan yanki ransa yana hannun Allah, kuma da yawa daga cikin abokan aikinsa sun kwanta dama a bakin aiki. Akwai masu gaskiya da yawa a cikinsu, waɗanda za su gwammace a ba su kayan aiki da a bar su suna jayayya da kowane direba. Saboda haka babu mai hankalin da zai ce a daina kama masu gudu. Maganar ita ce da wane mudu za a auna su.

Laifi biyu da ake cakuɗawa

A tsarin dokar hanya na Faransa, wanda ƙasashen da ta mallaka suka ɗora nasu a kansa, akwai laifi iri biyu da suka shafi gudu. Na farko shi ne wuce lambar da aka ƙayyade: allo ya ce 50, mutum ya yi 70. Na biyu shi ne gudun da bai dace da halin da ake ciki ba, ko da bai kai lambar allo ba: mutum ya ratsa tsakiyar kasuwa ko ƙofar makaranta ko cikin ƙurar hunturu bai rage ba. Laifi na biyu ido yana iya shaidarsa, muddin jami'i ya rubuta abin da ya gani dalla-dalla: wuri kaza, ƙarfe kaza, ga jama'a a kan hanya, ga yadda suka watse. Alƙali zai karanta ya auna. Laifi na farko kuwa lamba ce tsagwaronta, lamba kuma sai da ma'auni. Wanda ya ce an wuce 50, tilas ya iya faɗin da nawa aka wuce, da abin da ya auna da shi.

Na'urar radar ba tsafi ba ce. Tana aika igiyar rediyo zuwa ga mota, igiyar ta dawo da ɗan canji gwargwadon gudun motar, bisa ƙa'idar da masanin nan ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana a 1842. Duk da haka, ƙasashen da suka daɗe suna aiki da ita ba su ɗauke ta ma'asumiya ba. A Faransa, inda aka kafa radar ta farko mai aiki da kanta a watan Oktoba na 2003, ana binciken kowace na'ura sau ɗaya a shekara, kuma ana rage wa direba kilomita 5 daga abin da na'urar da ke kafe ta nuna in gudun bai kai 100 ba, ko kashi 5 cikin 100 in ya wuce haka. In na'urar tana cikin motar da ke tafiya ne, ragin yakan ninka. Ke nan ƙarfen da injiniyoyi suka ƙera, aka gwada aka buga masa hatimi, an yarda yana iya kuskure, an kuma ba wanda ake tuhuma ribar shakka. To, ina ga idon ɗan Adam da ya yini a rana, ƙishirwa tana damunsa, yana kallon mota tana tunkaro shi gaba da gaba?

Kowane direba ya san yadda ido yake yaudara. Tsohuwar mota mai ƙara da hayaƙi takan yi kamar tana tashi sama alhali da ƙyar take jan jiki. Sabuwar mota mai sulɓi takan wuce da gudu mai tsanani ba a ankara ba. Babbar mota takan yi kamar tana tafiya a hankali saboda girmanta. Sakamakon haka, in ido ne alƙali, mai tsohuwar mota ne zai riƙa biya, mai sabuwar mota baƙin gilashi kuwa a sara masa ya wuce. Ba sai an gaya wa mai karatu wane ne yake cikin wace ba.

Wasu ƙasashe sun yi wannan muhawara sun gama. An ce mutum na farko da aka ci tara saboda gudun mota a Ingila shi ne Walter Arnold, a watan Janairu na 1896, a yankin Kent. Yana gudun mil 8 a awa inda doka ta ce mil 2, ɗan sanda ya bi shi a kan keke ya kama shi, aka ci shi tara. A nan ido ya isa, domin ninki huɗu ba ya ɓoyuwa. Amma da motoci suka yawaita, gardama ta koma kan kilomita 10 ko 15, sai Ingila ta rubuta a dokarta ta 1984 cewa ba za a kama mutum da laifin wuce ƙa'idar gudu bisa ra'ayin shaida ɗaya tilo ba. A Amurka, kotun ƙoli ta jihar Ohayo ta yanke a 2010 cewa ƙiyasin idon ɗan sandan da aka horar ya wadatar. Jama'a suka yi ca, majalisar dokokin jihar ta zauna ta gyara doka ta hana cin tara bisa ido kaɗai. Kotunan Faransa sun yarda a tabbatar da gudu ta wata hanya ban da radar, alal misali agogon gudu na motar jandarman da ta bi mai laifi a baya. Amma agogon mota ma ai ma'auni ne. Yana ba da lamba, ana iya bincikarsa.

Takardar da ta fi rantsuwa ƙarfi

Abin da ya sa wannan magana ta yi nauyi shi ne ƙarfin da doka ta ba takardar jami'i. Kundin bin shari'ar laifuka da Nijar ta kafa a ranar 14 ga Agusta 1961 an ɗora shi ne a kan na Faransa. A can, aya ta 537 ta tanadi cewa a ƙananan laifuka, abin da jami'i ya rubuta a takardar kama laifi ana ɗaukarsa gaskiya har sai an kawo hujjar da ta rushe shi, hujjar kuma sai ta rubutu ko ta shaidu. Ma'ana, musun direba shi kaɗai ba ya tsinana masa kome. An yi haka ne don kada kotuna su cika da gardamar banza, kuma akwai hikima a ciki. Sai dai wanda aka ba irin wannan amana, an ɗora masa nauyin da ya yi daidai da ita: ya rubuta abin da ya tabbatar kawai. In ya rubuta lambar da bai auna ba, ya mayar da zato hujja, ya kuma juya shari'a ƙafa sama kai ƙasa, ta yadda talaka ne zai tabbatar da cewa bai yi laifi ba.

Wannan ya saɓa wa abin da mutanen ƙasar nan suka sani tun kafin zuwan Nasara. A shari'ar Musulunci, kawo hujja yana kan mai da'awa ne, kuma malaman mazhabar Malikiyya sun tafi a kan cewa ko alƙali ba ya yanke hukunci da saninsa na kansa, sai da abin da aka tabbatar a gabansa. Ya kuma saɓa wa aya ta 11 ta Sanarwar Ƴancin Ɗan Adam ta 1948, da aya ta 7 ta Yarjejeniyar Afirka ta 1981 wadda Nijar ta amince da ita, waɗanda suka tanadi cewa mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar, kuma yana da ikon a saurare shi. A bakin shinge kuwa, mutum ɗaya ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, wani lokaci shi ne ma'aji.

Mutanen Kurfai sun san wannan tsari da sunansa na asali. A zamanin mulkin mallaka akwai dokar da ake kira andijena, wadda ta ba kumandan ikon ya ci talaka tara ko ya kulle shi har kwana 15 ba tare da an je gaban alƙali ba, bisa laifuka irin su rashin ladabi ko jinkirin biyan haraji. Idon kumandan shi ne mudu. A 1925, daga garin Cikal na ƙasar Kurfai, wata mata mai suna Shibo da mabiyanta suka fito da abin da aka sani da Babule ko Hauka, suna kwaikwayon kumandan da sojojinsa, suna ƙin haraji da aikin tilas, har kumandan Crocicchia ya sa aka kai su Yamai aka kulle. Ko mene ne ra'ayin mutum game da bori, darasin siyasar a fili yake: jama'ar da aka hana wa ƙofar shari'a takan nemi wata ƙofar. An soke dokar andijena a 1946. Abin kunya ne a ce jikokin waɗanda suka sha wuyarta suna ganin inuwarta a kan gudron.

Akwai dattawan da in an yi irin wannan zance sukan ce da Janar Seyni Kunce yana raye, shi da yake ɗan Fandu ne a wannan yanki, da babu jami'in da zai miƙa hannu. Mai yiwuwa ne tsoro ya yi aiki a zamaninsa, amma tsoron mutum ɗaya yana bin mai shi kabari, kamar yadda aka gani bayan rasuwarsa a watan Nuwamba na 1987. Shi ya sa wakilan da suka zauna Babban Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 suka yi ta nanata maganar ƙasa mai bin doka. Tun daga lokacin tsare-tsaren mulki sun zo sun wuce. Na 2010 an dakatar da shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Amma ko wane ne yake riƙe da ragama, farar hula ko mai kaki, talaka ba ya saduwa da gwamnati a fadar shugaban ƙasa. A bakin shinge yake saduwa da ita, kuma abin da ya gani a can shi ne hukuncin da zai yanke mata.

Wanda yake asara

Ɗan kasuwa yakan ce jika biyu ba ta kai a ɓata yini ba, kuma in lissafin yini ɗaya ne, ya yi daidai. Amma a ƙaddara shinge ɗaya tak, motoci 20 a yini, kowace ta ajiye jika biyu ba resi. Sefa 40,000 ke nan a yini, miliyan 14 da dubu 600 a shekara, waɗanda ko dala ɗaya ba ta shiga baitulmali ba. Direba ba daga aljihunsa yake biya ba. Yana ƙarawa a kuɗin mota da kuɗin buhu, mai kaya ya ƙara a kan tiya, daga ƙarshe matar da ke awon gero a Filinge da ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata su ne suke biya. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, tare da abokan aikinsu, sun yi nazarin irin wannan ƙananan cin hanci a Nijar da Benin da Senegal, aka buga sakamakon a littafi a 2007 ƙarƙashin jagorancin Giorgio Blundo da Jean-Pierre Olivier de Sardan, kuma harkar sufuri tana cikin fannonin da suka duba. Ƙungiyar UEMOA ma ta daɗe tana ƙidayar shingaye da kuɗin da ake karɓa ba bisa ƙa'ida ba a manyan hanyoyin yankin. Ciwon sananne ne, an rubuta shi an adana.

Asara mafi girma ita ce ta tsaron hanyar kansa. In mai gudu da marar gudu duka za a tsayar da su, duka kuma za su biya abu ɗaya, to direba ya koyi cewa rage gudu ba ya kare shi, kuɗin aljihu ne yake kare shi. Sai ya ware kuɗin shinge tun daga tasha, ya kuma taka mota don ya rama lokacin da aka ɓata masa. Tarar da ba ta bambanta mai laifi da marar laifi ba ta zama kuɗin fito, kuma kuɗin fito bai taɓa ceton ran kowa ba.

Yadda ake musu cikin mutunci

Wanda ya tabbata bai yi gudu ba, kuma ya ƙudura ya bi ƙofa ta uku, akwai abubuwan da ya kamata ya kiyaye. Da farko ya riƙe harshensa, domin zagin jami'i a bakin aikinsa laifi ne mai zaman kansa, wanda ya fi tarar gudu nauyi nesa ba kusa ba. Ya tambaya cikin ladabi wane laifi aka rubuta, wace lamba, da wace na'ura aka auna, a kuma daidai ina. Ya nemi a rubuta takarda, ya karanta ta ko a karanta masa kafin ya sa hannu, ya roƙi a rubuta cewa bai amince ba. Ya sani cewa a irin wannan tsari biyan tara nan take ana ɗaukarsa amsa laifi ne, yana rufe maganar. Wanda ya biya sannan ya je kotu ya yi shuka a kan dutse. In an riƙe masa wata takarda, ya nemi shaidar riƙewa.

Tun da hujja sai ta shaidu ko ta rubutu, ya ɗauki sunayen fasinjoji biyu ko uku da suka yarda su faɗi abin da suka gani, musamman wanda yake zaune a gaba yana ganin agogon gudu. Ya rubuta lokacin tashi da lokacin da aka tsayar da shi. Ya duba ko akwai allon ƙayyade gudu a wurin, ko ya faɗi, ko an cire shi an yi murfin tukunya da shi. Wayoyin zamani da yawa suna iya adana gudun tafiya, wannan ma abin nunawa ne. Daga nan sai ya kai kukansa a rubuce ga kotun da wurin yake ƙarƙashinta, ya riƙe kwafi. Ba a yi masa alkawarin zai ci nasara ba. Alƙali yana iya gaskata jami'i. Amma ko ya faɗi, ya sa an rubuta tambayar da ba a saba rubutawa ba: da me aka auna?

Gaskiya ne direba ɗaya ba zai iya ajiye motarsa kwana uku saboda wannan ba. A nan ne aikin sandikar masu sufuri yake. Kuɗin da ake karɓa a tasha kowace safiya ya isa a ɗauki lauya ɗaya da zai tattara irin waɗannan ƙararraki ya bi su. Hukunci ɗaya da zai ce lamba ba ta tabbata sai da ma'auni zai amfani direbobin da ba su taɓa taka ƙofar kotu ba. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari: sandikar da take son a saurare ta, wajibi ne ta fara hukunta ƴaƴanta masu lodin wuce kima, da masu shan ƙwaya don su kwana tuƙi, da masu motar da agogon gudunta ya mutu tun shekaru. Direban da agogonsa ba ya aiki, shi ma da ido yake aunawa, ba shi da bakin zargin wani.

Abin da ya rage wa magabata

Nijar ta sabunta dokar hanyarta a 2014, ta kuma kafa hukumar kula da tsaron hanya, ANISER. Abin da ake jira shi ne dokar ta sauko daga takarda ta hau hanya. In akwai halin sayen radar, a saya, a horar da masu riƙe ta, a riƙa bincikenta kowace shekara, a nuna wa direba lambar da ta fito. In babu hali, akwai ma'aunin talaka: turaku biyu masu fenti, mita 200 tsakaninsu, da agogon daƙiƙa, da jami'ai biyu. Mai gudun 50 yana cin wannan tazara a daƙiƙa 14 da ɗan ɗori. Wanda ya cinye ta a daƙiƙa 8 yana gudun 90, ba gardama. Kuɗin wannan bai kai na tayar mota ɗaya ba.

Bayan haka, a mayar da allunan gudu a mashigar kowane gari, domin ba a kama mutum da saɓa umarnin da ba a ba shi ba. A kafa jadawalin tara a kowane shinge da kowace tasha, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci, a kuma karanta shi a gidajen rediyon karkara. A ba jami'ai littafin resi mai lambobi a jere, wanda wani ofishi dabam zai riƙa bincika. A ware rana ɗaya a wata a kotun Filinge don ƙananan laifukan hanya, a daidaita ta da ranar kasuwa, yadda mai ƙara da shaidunsa za su zo a sawu ɗaya. Inda makaranta ko kasuwa take bakin hanya, a yi tudun rage gudu na ƙa'ida mai fenti da allo, wanda yake aiki dare da rana ba ya karɓar ko dala.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai rage wa jami'i daraja. Mai awon da tiyarsa take da hatimi ba ya jin tsoron a juye a sake; shi ne ma yake fara cewa a juye. Jami'in da ya nuna lamba ya huta da rantse-rantse da roƙo da zargi, direban da ya ga lambar kuma bakinsa ya mutu, sai ya biya ya rage gudu gobe. Ranar da aka kai ga haka a tsakanin Baleyara da Filinge, yaron da ke bin akuyarsa ya sami kariya, baitulmali ya sami haƙƙinsa, talaka kuma ya ga da idonsa cewa hukuma ma tana da mudu. Allah ya kiyaye matafiya, ya kare masu tsaron hanya, ya ba magabata ikon yin adalci a ƙaramin abu kafin babba.